Bangon da ke Bayan Gadon Inna

Yayana ba ya shiga gidan mutane kamar sauran jama'a. Kafin ya gama amsa gaisuwa hannunsa ya riga ya kai bango, yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsu, ya karkata kai yana saurare. Ya yi haka a gidan surukansa, ya yi a asibiti, ya yi a ofishin da ya je karɓar katin shaida har mai gadi ya tambaye shi ko lafiya. In bango ya amsa masa da sauti mai nauyi, sai ya zauna a yi hira. In kuwa ya ji shi fayau kamar ganga, to mai gida ya shiga uku, don sai ya sha labarin sakacin magininsa har da na wanda ya koya wa maginin aiki.

Mai Cokali ake kiransa a unguwa, saboda cokalin ginin da ba ya rabuwa da aljihun bayan wandonsa. Mu a gida Yaya muke cewa, Inna kuma ta ce Babba. Mu uku ne a wurinta: shi, sai ni a tsakiya, sai Auta. Ni tela ce, kekena yana ɗakin gaba na gidanmu, kullum da safe nake zuwa daga gidan mijina in buɗe, in rufe da yamma. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, wani ma da hannuna a ciki.

Babanmu magini ne, shi ya gina gidan, ɗaki ɗaya yau, wani bayan shekara uku, yadda hali ya yi. Ɗakin Inna aka fara yi, lokacin Baba bai da komai sai ƙarfinsa. Yaya yana da shekara goma sha uku ya ajiye littafi ya bi shi wurin aiki. Da Baba ya rasu, sai cokalin ya koma hannunsa, gidan ma ya koma wuyansa. Shekara talatin ke nan ba a yi damina ɗaya ba tare da ya hau tsani ya bi kwanon rufin nan ƙusa bayan ƙusa ba. Shi ya ɗaga dandamalin ƙofa da titi ya fi gidan tudu, shi ya sake banɗaki, shi ya fitar da kicin waje da hayaƙi ya fara damun idon Inna. Gini yana yi, amma a filasta ya yi suna. In ya shafe bango, ko da farce ka bi ba za ka gane inda tsohon aiki ya ƙare sabo ya fara ba.

Akwai wata dabara da ya gada wurin Baba. In bango ya tsage, ba ya saurin liƙe shi. Sai ya nemo ɗan siririn gilashi kamar tsawon yatsa, ya gicciya shi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti, ya tafi abinsa. Bayan wata ɗaya ko biyu ya dawo. In gilashin na nan lafiya, tsagar ta mutu ke nan, fata ce kawai, sai ya shafe. In ya tarar gilashin ya karye, to bango tafiya yake yi, ciwon yana ƙasa. Mun tashi mun ga waɗannan 'yan gilasai a gidanmu, bayan ƙofa, ƙarƙashin taga, har mun daina ganinsu.

Auta kuwa shi ne ɗan makaranta. Yanzu yana aiki a wani babban ofis a gari mai nisa, sau biyu yake zuwa a shekara, da ƙamshin turare da taushin hannu. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, abin da ya fi ba mu haushi ke nan. Wata shekara ya kawo wa Inna fanka mai tsayuwa. Shekara guda cur duk wanda ya shigo gidan sai an kunna masa fankar nan, ko da sanyi ake yi. "Auta ne ya kawo. Kin ga har juya kai take yi da kanta." A satin da fankar ta zo Yaya ya kwana uku yana sauya katakon silin ɗin ɗakin da gara ta cinye, ya sauko fari fat kamar an tono shi. Abin da ya samu shi ne, "Babba, ka bar mini ƙura a kan fanka."

Na ga fuskarsa ranar. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu yana kishin fanka. Ban yi masa dariya ba, don ni ma duk zanen da ke jikin Inna ni na ɗinka shi, kuma ban taɓa jin ta ɗaga gefen riga ta nuna wa baƙo ba. Wanda ke kusa kamar ƙofar ɗaki yake, kullum ana taɓa shi, ba a kallonsa.

Bara, bayan damina ta ɗauke, Auta ya zo da wata doguwar takarda a naɗe. Ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya danne gefunanta da kofuna. Zanen sabon gida ne: ɗakuna huɗu, banɗaki a cikin ɗakin Inna, tagogi manya. Ya ce so yake a rushe tsohon a yi wannan a wurinsa.

Inna ta karɓi takardar ta riƙe ta a kife, tana shafa layukan da yatsa, hawaye na zubo mata. "Wannan duk nawa ne?"

Yaya yana tsaye jikin ginshiƙin baranda. Ya ce, "Gidan nan ba abin da ya same shi. Gyara yake so. A ba ni wata biyu in sauya rufi, in buɗe tagogi, in fitar mata da banɗakin da kake faɗa."

"Yaya, ai gyaran kake ta yi tun ina firamare."

"Shi ya sa ka samu inda ka kwana har ka gama firamaren."

"Ba raina aikinka na yi ba, wallahi. Gidan ne ya tsufa."

"Ka taɓa ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya? Ka san nauyin kwanon siminti? Daga zuwa da takarda sai a rushe abin da Baba ya gina?"

Ya sa Baba a gaba, amma duk mun san ba Baba yake karewa ba. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce tunda kowa ya kafe, a kawo wanda ba ɗan gidan ba ya duba. Auta ya ce yana da injiniya, zai zo da shi nan da mako biyu. In ya ce gida lafiya, Yaya ya yi gyaransa. In ya ce akwai matsala, a rushe. Kowa ya yarda.

Kwana huɗu bayan nan 'yar ƙanwar Inna ta haihu, aka zo aka tafi da Inna za ta yi mako a can. Washegari da hantsi ina kan keke na ji ana jan gado a ɗakinta. Na shiga da tsintsiya a hannu, don na san duk inda Yaya ya taɓa sai an yi shara. Na tarar ya janye gadon zuwa tsakar ɗaki, ya tsuguna a gindin bangon da kan gadon ke jingina da shi. Tsaga ce ta taso daga ƙasa ta yi sama a karkace, allon gadon da labulen da Inna ke ratayawa su suka rufe ta. A ƙasa ga gutsattsarin gilashi.

Ni ba magina ba ce, amma 'yar magini ce. Na ce, "Yaya, ya karye."

Bai juyo ba. "Na uku ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Ruwan titi ne ke shiga ƙarƙashin kusurwar nan. Baba bai zurfafa tushen ba, lokacin ba shi da hali." Ya sa yatsu uku a tsagar suka shige har gindi. "Zan san yadda zan yi da shi in an ba ni gyaran. Zan tona in tallafe shi."

"Zai tallafu?"

Ya jawo kwanon siminti.

Kwana uku ya yi a kan bangon nan, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamarsa ba. Ya cusa tsagar ya cike ta tam, yadda ko an ƙwanƙwasa ba za ta yi ƙara ba. Ya shafe. Da ta sha iska ya haɗa fenti, ya ga ya yi sabo da yawa, sai ya ɗebo ƙurar saman kabad ya zuba, ya ƙara da ruwan baƙin shayi, yana gwadawa a gefe har launin ya tsufa daidai da na sauran ɗakin. Akwai wani tabo a bangon, inda Inna ke dafawa in za ta tashi, shekara da shekaru har wurin ya yi duhu ya yi santsi. Fentin ya shafe shi. Yaya ya shafa mai a tafin hannunsa, ya rage tsawo daidai na Inna, ya dinga dafa wurin yana murzawa har tabon ya dawo.

Ina tsaye bakin ƙofa ina kallo. Da na buɗe baki da ya tsaya, na san wannan, don Yaya yana jin maganata. Amma sai na tuna Inna riƙe da takarda a kife tana kuka, na hango shekarun da za mu yi muna jin "gidan da Auta ya gina mini" safe da yamma. Fanka ma yaya muka ƙare da ita? Na share gilasan, na zubar, na ɗauki guntu ɗaya na jefa a aljihun kekena, ban san dalili ba. Na ce masa, "Ka bar gadon a tsakiya fentin ya bushe. Zan ce mata shara na yi."

Da Inna ta dawo na ce mata kwari na gani a bayan gadon na sa magani, ta bar shi a nan tukuna. Ta yi mita ta haƙura.

Injiniyan ya zo ranar Asabar da safe tare da Auta. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofar kowane ɗaki, yana kiran Yaya "Baba". Ya hau tsani ya leƙa rufi, ya auna nan, ya ƙwanƙwasa can, yana rubutu a ɗan littafi. Ya ga gilashi ɗaya a bayan ƙofar kicin, lafiyayye, ya tambayi ko na mene ne. Da Yaya ya yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce su ma a makaranta an koya musu irin wannan, sai dai nasu da wani dogon suna. A ɗakin Inna ya bi bangon nan da tafin hannu tun daga sama har ƙasa. Ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Baba, wa ke kula da gidan nan?"

"Ni ne."

"To gaskiya ban ga dalilin rushe shi ba. Rufi ya gaji, wayoyin wuta suna son sauyi, amma bango ƙalau yake. Gyara ya isa."

Na saci kallon Yaya ina jiran in ga haƙoransa. Bai yi dariya ba. Auta ne ya yi, ya naɗe takardarsa ya sa a hammata, ya ce, "Shi ke nan, Yaya ya fi ni sani. Ka faɗi abin da ake bukata a fara." Ko ɗan ɓacin rai bai nuna ba, yaron nan, ya hana mu ko daɗin cin nasara.

Aka kai injiniya baranda aka ba shi ruwa. Inna ta zauna a bakin gadonta da ke tsakar ɗaki, ta ce tunda ga maza biyu a mayar mata da shi wurinsa, ta gaji da kwana kamar baƙuwa. Sannan ta dubi Auta ta ce, "Kai ma da ka wahalar da bawan Allah. Ni dama don ku daina faɗa na ce a kawo shi. Shekara talatin ina kwana a gindin bangon nan, a yi ruwa, a yi iska, ban taɓa farkawa da tsoro ba. Na san Babba ya duba. In ya ce lafiya, barcina nake yi."

Haka ta faɗe shi, tana gyara ɗankwali, kamar mai cewa a rufe taga. Maganar da Yaya ya yi shekara talatin yana hawa tsani dominta ke nan, kuma a ranar ta ga damar fitowa.

Inna ta tashi. Auta ya kama ƙafar gadon, Yaya ya kama kai. Suka ɗaga, suka yi taku biyu. A na uku Yaya ya tsaya.

"Ajiye."

"Ya yi nauyi ne, Yaya?"

"Na ce ka ajiye."

Ya fita. Na ji shi yana buɗe akwatin kayan aikinsa a tsakar gida. Ya dawo da guduma, ya ce wa Inna ta matsa bakin ƙofa. Ya tsaya gaban bangon, ya nemi daidai tabon hannun da ya yi da kansa, ya ɗaga gudumar ya sauke. Filastar ta yi taurin kai, don aikinsa ce. Sai a bugu na huɗu ta ɓare, ta zubo falle-falle, abin da ya cusa ya biyo baya. Tsagar ta fito, ta ma fi yadda na gan ta, ta ƙara buɗewa a cikin kwanakin nan. Ta can sama har hasken waje kana gani.

Injiniya ya shigo da kofi a hannu, ya tsaya baki buɗe. Ya tsuguna ya leƙa, ya zura biro ya ɓace. Ya ce, "Wa ya rufe wannan?"

"Ni."

Mutumin ya dubi bangon, ya dubi Yaya, ya rasa ko yabo zai yi ko faɗa. Ya fita ya zaga bayan ɗakin, ya sa aka tona gindin kusurwar. Bai daɗe ba ya dawo ya ce tushen ya zauna, kuma ɗakuna uku ne a kansa. Ya ce kada kowa ya sake kwana a ɗakin, ko na dare ɗaya.

Inna ba ta dubi injiniya ba. Ta ce, "Babba, tun yaushe ka sani?"

"Tun farkon damina, Inna."

"Ina kwance a nan?"

Gudumar na hannunsa, ƙura ta yi masa fari a gira.

"Duk ruwan nan da aka yi, ina kwance a nan?"

Auta ya ce, "Inna, ai shi ne ya nuna. Da ya yi shiru ba wanda zai sani."

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta bi ta gefen Yaya ba ta taɓa shi ba.

An rushe gidan bayan wata guda. Yaya ne ya cire kwanon rufin da hannunsa, ya ce ba wanda ya san inda ƙusoshin suke sai shi. Ya jera su a gefe, ya ciro ƙofofi da tagogi ba tare da ko ɗaya ta fashe ba. Da motar rusau ta zo bai tsaya kallo ba, ya tafi wani aikin filasta a bayan kasuwa. Wani kamfani Auta ya ba ginin, amma ya roƙi Yaya ya yi filastar gidan duka, ya yi. Masu wucewa har tsayawa suke su shafa bangon waje.

Yanzu Inna tana sabon ɗakinta mai banɗaki a ciki. Duk wanda ya shigo sai an zaga da shi. "Gidan da Auta ya gina mini." Yadda na hango, haka ya zama, har da ƙari. Ranar da za a kafa mata gado Yaya yana ɗakin, hannunsa ya kai bango kamar yadda ya saba, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Lafiya lau yake, Inna." Ta ce, "To. Auta, kira mini injiniyan nan ya zo ya gani tukuna." Yaya ya sauke hannunsa ya sa a aljihu.

Har yau yana zuwa duk Juma'a da yamma. Ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara, ya zaga bayan gida ya duba magudanar ruwa ba wanda ya sa shi. Kishin Auta bai bar shi ba, in an kunna fankar nan har yanzu sai ya sami abin kallo a waje. Sai dai na lura tun ranar gudumar yana kallon mutane cikin ido, ni kuwa ban cika son mu haɗa ido da shi ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ina bakin ƙofa ba.

An ba ni ɗakin gaba a sabon gidan, mai taga babba, haske har kan allura. Rannan ina ɗinki Inna ta shigo ta zauna kusa da ni, tana kallon Yaya ta taga yana kwashe ganye daga magudana. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke dai Allah ya yi miki albarka. Duk cikinku ke kaɗai ce ba ki taɓa ɓoye mini komai ba."

Ni ma shekara da shekaru nake jiran tawa maganar, ga ta ta zo. Guntun gilashin yana cikin aljihun keken, tsakanin gwiwata da tata, jawo shi kawai zan yi. Na dubi Yaya a waje, cokali a aljihun baya, hannu cikin kwata, na ji ƙyashinsa ya tokare ni a ƙirji fiye da duk wanda na taɓa yi wa Auta.

Na ce, "Amin, Inna," na ci gaba da taka keke.